Kaka Ta Yi: Uwargida, Duba Fatar Karen Gidanki Kafin Hunturu Ya Shigo

Ruwa ya ɗauke, gero ya shigo gida, hankalin kowa ya koma kan rumbu. A cikin wannan hidima akwai wanda ake mantawa da shi, wato karen gadin da ke kwance a ƙofar gida, ko ɗan kwikwiyon da yara suka ɗauko. Ko da ke ba kya taɓa shi, 'ya'yanki suna taɓawa, su dawo su sa hannu a kwanon tuwo. Abin da ke jikin fatarsa ba ya tsayawa a kansa shi kaɗai.

A Achida da garuruwan da ke bakin fadamar Rima, irin su Wurno da Goronyo, danshi yana daɗewa a ƙasa bayan damina ta wuce. Ciyawa ta yi tsawo, kaska da ƙuma sun hayayyafa. Ga kuma kasuwar dabbobi ta Achida da ke tara bisashe daga nesa, kowace da abin da ta kwaso. Kare ya zaga turke da gona da juji, da yamma ya dawo da tsarabarsu. In hunturu ya same shi a haka, fata ta bushe ta tsage, ƙaramin miki ya zama babba.

Abin da za ki duba

Sau ɗaya a mako, ki sa maigida ko babban yaro ya riƙe karen a wuri mai haske. A duba cikin kunne, wuya, hammata, ƙasan ciki da tsakanin yatsun ƙafa, nan kaska ta fi maƙalewa. A kama ta da hantsaki daf da fata, a ja a hankali har ta fito da kanta, a jefa ta cikin kalanzir. Kada a murtsuke ta da yatsa, kada kuma a ɗora mata wuta tana jikinsa. Kare mai yawan kaska jininsa yana raguwa. In kin ga dasashinsa ya yi fari, ya daina cin abinci, a nemi malamin dabbobi.

Yanzu ne kuma ƙarangiya ke bushewa. Tana shiga gashi da tafin ƙafa, kare ya yi ta lasar wurin har ya ruɓe. In yana ɗingishi, a fara duba nan.

In yana susa dare da rana, gashi yana zubewa a gefen kunne da gwiwar ƙafa, fata ta yi kauri da ɓawo, wataƙila ƙazuwa ce. Ƙwaronta yana iya hawa jikin yaro ya sa masa ƙaiƙayi da ƙuraje. In kuwa gashin ya zube a zagaye kamar kwabo, makero ne ake zargi, shi ma yana kama yara. Ki raba su da karen har a yi magani, a wanke buhun da yake kwanciya da ruwan zafi, a shanya a rana.

Maganin da ke zama guba

Mutane da yawa suna shafa wa kare baƙin mai na inji, ko kalanzir, ko fiya-fiya, ko maganin feshin gona. Uwargida, ki hana. Fata tana tsotse su, karen yana lashewa, yaro kuma yana shafo su a hannu. Haka nan kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane, yana iya lalata masa hanta ko ƙoda. Maganin ƙazuwa da kaska yana nan, amma da nauyin dabba ake auna shi, don haka aikin likitan dabbobi ne. Akwai Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, in abin ya fi ƙarfin malamin da ke kusa da ku.

Wanka sau ɗaya a wata ya isa, da hantsi, da sabulu marar ƙarfi, ban da omo. A ɗauraye sosai, a bar shi ya bushe. Tuwo zalla ba ya gina fata. A riƙa haɗa masa da ɗan kifi, dafaffen ƙwai ko ragowar nama, ga ruwa mai tsabta kullum. A ba shi maganin tsutsar ciki duk bayan wata 3, a kuma kwashe kashinsa daga inda yara ke wasa ba takalmi.

Ƙananan karnuka masu shafaffen hanci

A manyan birane an fara ganin ƙananan karnukan waje irin su Pug da French Bulldog. In an kawo muku irinsu, ki sani hidimarsu ta fi ta karen gida. Fuskarsu tana da ninki, gumi da ƙura suna taruwa a ciki har ya yi ja ya yi wari. Kullum a goge ninkin da tsumma mai laushi da ruwan ɗumi, sannan a tsane shi da busasshe, don danshin da aka bari shi ke kawo ciwon. Hancinsu gajere ne, numfashi yana yi musu wuya a zafin da ke biyo bayan damina, idanunsu kuma a waje suke, ƙurar hunturu tana saurin yi musu lahani. A ajiye su a inuwa, a fita da su da asuba ko bayan la'asar kawai.

Allurar da ta fi komai

Kare mai ciwo a jiki yana saurin kai cizo in yaro ya taɓa wurin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan duk masu kamuwa da ciwon haukan kare daga cizon kare suke samunsa, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya a tsira. Ana yi wa kare rigakafi tun yana wata 3, a maimaita duk shekara, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa allurar a nan gida Najeriya.

In aka ciji yaro ko aka yakushe shi, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai zuba na minti 15, ki kai shi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. Karen kuma a ɗaure shi a sa masa ido kwana 10, amma kada a jira kwanakin su cika kafin a fara yi wa yaron allura.

A makon nan, ki tambayi maigida yaushe aka yi wa karenku allura ta ƙarshe. In ya kasa tunawa, lokaci ya yi. Allah Ya kare mana zuri'a.