Damina Biyu a Jiha Ɗaya: Abin da Hanyar Doguwa Ke Faɗa Game da Afirka

Duk wanda ya taɓa barin birnin Kano a ƙarshen watan Mayu ya nufi Saminaka ya ga wannan abu da idonsa. Za ka fito gari yana ƙura, gonakin bakin titi an share su an zuba taki ana duban sama. Da ka karya a Kwanar Ɗangora, cikin ƙasar Kiru, sai ka fara jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kafin ka bar Tudun Wada masara ta tsiro, a Doguwa kuwa wasu har sun shiga noman fari. Jiha ɗaya, amma damina kamar biyu. Fasinja yakan ce, "Mutanen kudu sun riga mu," a ci gaba da hirar farashin taki.

Wannan 'yar tazara ta makonni ita ce darasin labarin ƙasa da aka yi ta ɗora mana a makaranta muna haddacewa ba mu gane ba. An ba mu sunayen Kilimanjaro da Kalahari, ba wanda ya ce mana mu leƙa ta tagar mota.

Afirka ita ce nahiya ta biyu a girma, bayan Asiya, faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan 30. Abin da ya bambanta ta da sauran nahiyoyi shi ne yadda layin ikwaita, wanda ya raba duniya gida biyu, ya ratsa ta kusan a tsakiya: ta miƙa digiri 37 arewa da shi, digiri 35 kudu. Don haka yanayinta ya jeru kamar saƙar zane mai ratsi. A tsakiya kurmin Kwango, inda ruwa ba ya ɗaukewa sosai. Daga nan dajin itatuwa da dogayen ciyayi, sai fako mai ƙaya, sai hamada, sai bakin teku mai sanyi a can ƙurya. In ka juya kudu ka sake tarar da jerin, sai dai Kalahari da Namib ne a madadin Sahara.

A Afirka ta Yamma ratsin ya fi fitowa fili, domin babu wasu dogayen duwatsu da suka gitta suka ɓata shi. Bakin teku a yankin Neja Delta yana samun ruwan da ya haura milimita 2,500 a shekara. Birnin Kano na samun tsakanin 800 zuwa 900 a shekarar da ta yi daidai. Maraɗi wajen 500. Agadas ba ta kai 200 ba. Doguwa da kudancin Tudun Wada suna haura 1,000. Ashe ko a cikin jihar Kano, duk taku ɗaya da ka yi kudu ƙarin ruwa ne.

Mai rabon ruwan nan, bayan ikon Allah, iskoki biyu ne da ke ture juna shekara da shekaru. Ɗaya tana tasowa daga Tekun Atilantika ta kudu maso yamma, ɗauke da laima. Ɗayar tana gangarowa daga Sahara ta arewa maso gabas, busasshiya ƙamas. Inda suka yi karo akwai wata iyaka da ido ba ya gani, kuma iyakar ba ta zama wuri ɗaya. Tana bin rana. Daga watan Maris take hawowa arewa, a Agusta ta kai can cikin hamada wajen digiri 20, sannan ta juyo da sauri. Riruwai ta ƙasar Doguwa tana ƙasa kaɗan da digiri 11, Kano tana kan 12. Iskar teku takan iso Doguwa kafin ta iso Kano, kuma a can take yin bankwana daga ƙarshe. Shi ya sa daminarsu ta fi tsawo ta kai da ta gindi. Masara mai son ruwa da shinkafar Tudun Wada sun samu wurin zama, gero mai haƙuri da ƙishi ya riƙe arewa.

Akwai tambayar da manomi mai lura zai yi a nan. In daga kudu maso yamma laimar take zuwa, me ya sa hadari daga gabas yake haɗowa? Kowa ya san in gabas ta yi baƙi a kwashe shanya. Amsar ita ce iskokin hawa-hawa ne. Ta ƙasa, mai laima, daga teku take. Amma a sama, wajen kilomita uku zuwa huɗu, akwai wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma, ita ke tura gizagizan da suka riga suka haɗu. Kayan miyar daga yamma, mai raba tuwon daga gabas. Wasu daga cikin irin waɗannan hadurra, in suka ƙetare Senegal suka faɗa teku, su ne ke rikiɗa su zama mahaukaciyar guguwar da muke jin labarin ta afka wa Amurka.

Amma kusanci da teku ba shi kaɗai ne sirrin Doguwa ba. Akwai tudu.

Masana sukan raba nahiyar biyu: Afirka mai tudu, wato gabas da kudu, inda Habasha da Kenya suke, da kuma dutsen Kilimanjaro mai tsayin mita 5,895, da Afirka mai kwari, wato arewa da yamma, inda muke. Sai dai kwarin namu ba shimfiɗar tabarma ba ne. Ya fi kama da manyan akusa da aka jera baki da baki: akushin Kwango, na Neja, na Chadi, na Nilu. Tsakanin kowane biyu akwai gaɓa mai tudu. Birnin Kano yana wajen mita 480 sama da teku, a gangaren akushin Chadi. Duwatsun Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, sun haura mita 1,200, kuma nan ne ƙololuwar jihar. A taƙaice, mutumin Doguwa a bakin akushi yake zaune.

Tudu yana yin abu biyu. Iska mai laima in ta ci karo da dutse dole ta hau, in ta hau ta yi sanyi, in ta yi sanyi ta sauke abin da ta ɗauko. Kuma duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da wajen digiri 6. Tsakanin Kano da kan duwatsun Riruwai ke nan akwai ragin digiri huɗu ko fiye. Wanda ya kwana a can cikin hunturu ba ya buƙatar a yi masa lissafi.

Su kansu duwatsun suna da labari. Riruwai saiwar wani tsohon dutse ne mai aman wuta, wanda ya mutu tun fiye da shekara miliyan 150, ruwa da iska suka cinye kansa suka bar gindin a zagaye kamar zobe. Ba shi kaɗai ba ne. Irinsa sun jeru tun daga duwatsun Azbin a Nijar, ta Damagaram, zuwa tudun Jos har Nasarawa, kuma na arewa sun girmi na kudu. A cikin irin wannan dutse kuza take kwana. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Riruwai suna narka ta ana kai ta kasuwanni, kuma labarinta na cikin abin da ya ja kamfanonin Ingila zuwa wannan yanki a farkon ƙarni na 20. Ramukan haƙar suna nan har yau.

Ƙasa da duwatsun sai dajin Falgore, wanda titin Jos ya ratsa ta cikinsa, kimanin kilomita 150 daga Kano. An keɓe shi tun a shekarun 1940 da sunan dajin Kogin Kano, daga baya aka mai da shi gandun namun daji; faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa Doguwa da Tudun Wada da Sumaila. Ko ba ka san sunan ratsin da masana suka ba shi ba, itatuwa za su gaya maka ka canja ƙasa. A wajen Bebeji kuka ce da tsamiya da ɗorawa da gawo, kowace tsaye ita kaɗai a tsakar gona. A Falgore doka ce da maje da kawo da maɗobiya, kai da kai, ga gamba ta fi mutum tsawo a ƙarshen damina. Nan ne dajin Sudan ya miƙa wa na Gini hannu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan yanki shi ne inda ruwan yake zuwa bayan ya sauka. Ɗigo biyu za su faɗo daga hadari ɗaya a kan iyakar Kano da Kaduna. Wanda ya gangara yamma ko kudu zai bi rafukan da ke zuba a Galma da Kogin Kaduna, ya shiga Kogin Kwara, wato Neja, ya ƙare a Tekun Atilantika inda ya fito. Wanda ya gangara arewa kuwa ya yi sallama da teku har abada. Zai shiga Kogin Kano, ya ratsa Falgore, ya haɗu da Chalawa su zama Kogin Haɗeja, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, abin da ya rage ya bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. Tafkin ba shi da mafita zuwa teku. Rana ce da yashi ke shanye abin da ya isa.

A kan wannan hanya gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, a ƙasar Bebeji. An tsara ta ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2, a tafkin da ya kai murabba'in kilomita 178. Ana cikin aikin farin 1972 da 1973 ya afka wa yankin Sahel, dabbobi suka yi ta faɗuwa, don haka ba a sha wahalar gamsar da kowa amfaninta ba. Ai ƙasar da ta san yunwar Kakalaba ta 1914 ba a koya mata tsoron fari. Hikimar madatsar mai sauƙi ce: a tare ruwan watanni biyar na kudu, a shayar da arewa watanni goma sha biyu. Tumatirin Kadawa, shinkafar Kura, alkamar rani, da ruwan da ake tacewa a Tamburawa a tura wa birni, duk daminar Doguwa da Tudun Wada ce aka adana. Mutumin Fagge da ya buɗe famfo, in an yi sa'a ya kawo, ruwan Falgore yake sha ko bai taɓa taka dajin ba.

Ba a tare kogi a ce ba a taɓa kowa ba. Kafin Tiga da madatsar Chalawa da ta biyo baya a 1992, ambaliyar kowace shekara ce ke cika fadamun Haɗeja da Nguru, ta janye ta bar wa manomi laka, masunci kifi, makiyayi ciyawa. Da aka daidaita gudun ruwan, ambaliyar ta ragu, kuma ruwan da ke tafiya rani da damina ya ba ciyawar kacalla damar toshe hanyoyin kogin. Ita ma madatsa takan yi tawaye: ta Bagauda, a nan Bebeji, ta ɓalle a Agustan 1988 bayan ruwa mai yawa, ta share gidaje da gonaki. Sannan ga gatari. Duk buhun gawayin da aka ɗoro daga gefen Falgore, ƙasar da saiwa ke riƙewa ce aka sake, kuma a gindin Tiga take zuwa ta kwanta. A ganina wannan ya fi cancantar muhawara a majalisar jiha fiye da yawancin abin da ake kwana ana yi.

Kada dai mu ɗora wa kanmu laifin da ya fi ƙarfinmu. Tafkin Chadi ya ragu daga wajen murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hakan a shekarun 1980, amma kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kai masa daga Shari da Logon yake fitowa, ta Afirka ta Tsakiya da Kamaru. Namu ɗan cikon mudu ne. Kuma tafkin ya saba da kumbura da motsewa. Wajen shekara 7,000 da suka wuce ya kai murabba'in kilomita 350,000, Sahara tana da ciyawa da dorinar ruwa. Kwalekwalen da wani makiyayi ya tono a Dufuna ta jihar Yobe a 1987, mai shekara kusan 8,000, daga wancan zamani yake. Kafin nan kuma an yi zamanin da hamada ta matso har gabashin Kano. Tuddan yashin da suka ba jihar Jigawa sunanta ragowarsa ne. Ratsin zanen nan yana hawa yana sauka, ba a shekara kaɗai ba, har a dubban shekaru.

Tsohon gindin wancan babban tafki yana nan a arewacin Chadi, wurin da ake kira Bodele. Ya bushe ƙurmus, ya bar farar laka mai laushi kamar gari, ragowar ƙananan halittun ruwa. Daga Nuwamba, in iskar arewa maso gabas ta matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, sai ta kwashi garin nan ta yi sama da shi. Babu wuri ɗaya a duniya da ya kai shi tayar da ƙura. Wani kason yakan ƙetare teku har dajin Amazon. Wani kuma cikin kwana ɗaya ko biyu ya iso mana: shi ne hazon da ke hana jirgi sauka a filin Malam Aminu Kano, ya fasa leɓe, ya sa yara tari. Masu nazarin ƙasa sun nuna cewa wani ɓangare na lallausar ƙasar gonakin Kano da Zariya irin wannan ƙura ce da ta daɗe tana sauka.

A Disamba, lokacin da masarar Doguwa take bushewa a kan dandamali ana jiran motocin 'yan kasuwa, za ka ga wani farin gari ya lulluɓe buhunan da ganyen doka. Daga akushin da ruwan Agusta ya nufa ya taso.