Yadda ake gane injin tsohuwar Mercedes 911

Masu tsofaffin motocin Mercedes 911 a Najeriya sukan yi asarar kuɗi wajen sayen kayan gyara, saboda injin OM 352, wanda ya fito a 1964, yana kama da OM 366 na 1984.

Faɗin silindar na farko milimita 97 ne, na biyun kuwa 97.5, don haka fistin ɗin wannan ba ya yi wa wancan.

Lambar da za a dogara da ita ita ce wadda aka buga a jikin bulok ko a kan ɗan farantinsa. Idan ta fara da 352 ko 353, to OM 352 ne.

Takardun mota ba hujja ba ne, domin galibi an sha sauya injin.