Daga Kakakin Fada Zuwa Ajin Jami'a

Busa tsohuwar sana'a ce a Adamawa. Tun bayan da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, kakaki da algaita suke cikin kayan sarautar Lamiɗo. A ƙasar Hausa kuwa, tarihin Kano ya danganta shigowar kakaki da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Daga baya soja da 'yan sanda suka zo da badujala, majami'u da makarantun mishan kuma suka yaɗa ta, musamman bayan da Dokta Niels Brønnum na ƙasar Denmak ya sauka Numan a 1913.

Kakakin fada da na Turawa, wato tirampet, hanyar busa su ɗaya ce. Mabushi yana matse leɓɓansa ya hura iska har su yi rawa, bututun ƙarfen kuma ya ƙara wa sautin ƙarfi. Bambancin shi ne kakaki miƙaƙƙe ne, ba rami ba maɓalli, don haka muryoyinsa kaɗan ne, da su ake kwaikwayon hawa da saukar magana a yi wa sarki kirari. Shi kuwa tirampet an naɗe bututunsa, an sa masa maɓallai uku. A Jamus aka ƙirƙiro wannan dabara wajen 1815. Duk maɓallin da aka danna yana ƙara wa iska tsawon hanya, sai murya ta sauka, ta haka ake samun dukkan muryoyin waƙa.

Malamin kiɗa na jami'a da ya fito daga cikin mabusa yana riƙe da aiki uku. Dole ya ci gaba da busa kullum, domin leɓe yana saki in an bar shi. Yana koyar da karanta rubutun kiɗa da sarrafa numfashi. Sannan yana tsayawa gaban makaɗa ya jagorance su: hannun dama yana riƙe da lugude, na hagu yana nuna wa zai shigo, wa zai sassauta. Mafi wuyar aikin ana yin sa ne a wajen gwaji, inda kunnensa zai tsamo mutum ɗaya da ya kauce cikin taro.

A Kudu wannan sana'a ta samu gindin zama tun da Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ta buɗe sashen kiɗa a 1961. Can ma aka samu irin su Farfesa Laz Ekwueme na Jami'ar Legas, malami kuma jagoran mawaƙa. A Arewa kuwa, wanda ya fi kusa da wannan matsayi a wajen jami'a ya yi aikinsa. Shi ne Bala Miller, ɗan asalin Zariya, wanda aka haifa a 1928 ya rasu a 2003. Ya taso cikin badujala, ya jagoranci babbar ƙungiyar makaɗa a Kaduna, ya kuma horar da matasa a makarantar kiɗa da aka buɗe a Kano zamanin Gwamna Audu Bako. Har yau ana tuna waƙarsa "Ikon Allah".

Yola da Jimeta suna da Jami'ar Modibbo Adama, da Jami'ar Amurka ta Nijeriya, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Suna kuma da mabusa a fada, a bariki, da majami'u, waɗanda yawancinsu da kunne suka koya. Abin da ake bukata shi ne malamin da zai iya zama da Sarkin Busa ya naɗi take da kirari ya rubuta su, ya kuma koya wa yaron badujala karatun kiɗa. Taken fada a kawunan dattawa yake, kuma duk wanda ya rasu ba a ɗauka daga bakinsa ba, ya tafi da nasa.