AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Ta Wace Hanya Ya Fi Dacewa A Biya Manajan Talla Na Aro?

 Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu a Kano, wanda ya ce yana da ƙaramar masana'antar sabulu mai ma'aikata 20. Ya ce kayansa suna da kyau amma ciniki ya tsaya cik, kuma ba shi da ƙarfin ɗaukar babban manajan talla na dindindin. Da ya nemi masu yin wannan aiki na ɗan lokaci, mutum uku suka zo masa, kowa da irin nasa ciniki. Na farko ya ce a biya shi kuɗin yini, na biyu ya ce a yanka masa kuɗin wata, na uku kuwa ya ce shi ba ya son ko kwabo sai kamasho. Shi ne yake tambaya, wanne ya fi sauƙi, wanne kuma ya fi alheri?

To, Malam mai tambaya, mun gode da wannan wasiƙa taka. Kafin mu shiga batun kuɗi, bari mu fara da bayyana ko wane ne wannan mutum, domin sauran masu sauraro su bi mu. Manajan talla ba shi ne mai yawo da kaya a mota ba, ba kuma shi ne mai zana allon talla ba. Shi ne wanda zai zauna ya gano su wa ke sayen kayanka, nawa za su iya biya, wane irin ƙunshi ke jan idonsu, wace kasuwa ya kamata a shiga, a ina kuma ya kamata a kashe kuɗin talla, a rediyo ne ko a Facebook ko a hannun dillalai. Irin wannan gwani yana da tsada. Ban da albashi akwai mota da kuɗin magani, ga kuma fansho, wanda dokar 2014 ta ɗora wa mai kamfanin da ta shafa ya zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci ya zuba kashi 8. Wannan ya sa a Amurka da Ingila ƙananan kamfanoni suka koma aron gwani ɗaya, ya ba wannan yini ɗaya a mako, ya ba wancan yini biyu. Shi muke kira manajan talla na aro.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, hanyar da ka biya mutum ita ce za ta nuna masa inda zai sa ƙarfinsa. Kowane manomi ya san bambancin ɗan ƙwadagon da aka ɗauka yini da wanda aka yi jinga da shi. Na yini ba ya sauri, na jinga kuma sai ka bi bayansa ka duba ko ya binne ciyawa. Haka abin yake ko da mutumin ya sa kwat yana riƙe da kwamfuta.

Hanya ta farko ita ce biya bisa awa ko yini. Alherinta shi ne abin da ka ci shi za ka biya, kuma ranar da ka ga dama ka sallame shi. Ta dace da wanda ke da nasa ma'aikatan talla, shawara kawai yake nema jefi-jefi. Amma ba ka sanin abin da wata zai ci maka sai ya ƙare. Mu yi lissafi, a matsayin misali kawai. A ce yininsa Naira 100,000 ne. Watan da ya zo sau 4, ka biya 400,000. Watan da aiki ya taso ya zo sau 9, ka biya 900,000, alhali ba ka shirya musu ba. Daɗin daɗawa, sai ka riƙa jin nauyin buga masa waya don kada ya rubuta maka awa, shi kuma babu abin da ke tura shi ya gama da wuri.

Hanya ta biyu ita ce kuɗin wata tsayayye, watau a ce kowane wata zai karɓi kaza, shi kuma ya ba ka yini kaza. Wannan ita aka fi yayi a ƙasashen da wannan sana'a ta kafu, kuma da dalili. Shugabanci ba aikin rana ɗaya ba ne, sai mutum ya san kayanka, ya san ma'aikatanka, ya ga abin da ya shuka ya tsiro. Kai kuma ka san abin da za ka ware. Haɗarinta shi ne sanyin jiki. Watanni ukun farko za ka gan shi kullum, daga nan sai ya samu wani kamfanin da ya fi ka tsoka, ya koma aiko maka da yaronsa, kuɗi kuwa suna tafiya yadda aka saba. Ka tuna Naira 400,000 a wata, Naira miliyan 4 da dubu 800 ke nan a shekara. Saboda haka kada a tsaya a faɗin kuɗi kawai, a faɗi yini nawa ne, shi da kansa zai zo, kuma wane rahoto zai kawo ƙarshen wata.

Hanya ta uku, wadda babu wanda ya kawo maka ita cikin mutanen nan uku, ita ce jinga. A ware aiki guda mai farko da ƙarshe, alal misali ya zagaya kasuwar Singa da ta Sabon Gari da garuruwan da kake kai kaya, ya gano dalilin da ciniki ya tsaya, ya rubuto tsarin abin da za a yi cikin shekara, duk a cikin mako 6, a kan kuɗi kaza. Kowa ya san abin da zai bayar da abin da zai karɓa. Inda take da rauni shi ne idan ya miƙa maka takarda ya tafi, aiwatarwa ta rage naka. Sannan duk abin da ka ƙaro a tsakiya wanda ba ya cikin jinga, sabon ciniki ne. Kada kuma a biya duka a farko. A raba uku: kafin alƙalami, tsakiyar aiki, da ranar miƙawa.

Hanya ta huɗu ita ce kamasho, wadda mu a nan muka sani da la'ada tun zamanin kakanni. Ita ce ta fi daɗin ji a kunne, domin mutum zai ce maka in ban kawo ciniki ba kada ka ba ni komai. To, Malam, a nan ne nake so ka buɗe ido sosai. A ce kana sayar da katan 1,000 a wata, kowane a kan Naira 10,000, cinikinka miliyan 10 ke nan. Idan ka yarda da kashi 5 cikin 100 na dukkan ciniki, ka ba shi 500,000 tun bai ɗaga ko tsinke ba, domin wannan ciniki da ma kana yin abinka. Sai ka ce to a ba shi kashi 10 na ƙarin da aka samu kawai. Madalla. Amma idan tsadar kayan haɗi ta sa ka mai da katan Naira 13,000, ciniki ya zama miliyan 13, ya tashi da 300,000 alhali ko katan ɗaya bai ƙaru ba. Wannan ba tatsuniya ba ce a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a watan Disamba na 2024, bisa lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Don haka a ƙirga katan, kada a ƙirga Naira. A kuma gwada da irin lokacin a bara, kada a gwada cinikin jajibirin Salla da na tsakiyar damina.

Har ila yau, mai cin kamasho kan ciniki yakan matsa a karya farashi ko a ba da kaya bashi, domin shi dai kaya su fita. Riba ta ragu, bashi ya maƙale, shi ya riga ya karɓi nasa. Maganin wannan shi ne a ce sai kuɗin da suka shigo hannu za a lissafa.

Akwai wani nau'in kamashon da ya fi wannan haɗari, watau a ba shi kaso daga kuɗin da aka kashe a talla. Shekaru masu yawa kamfanonin talla na Amurka suna cin kashi 15 cikin 100 na kuɗin tallar da suka sanya wa mai kaya a jarida ko rediyo. Ka ga ke nan duk wanda ya ba ka shawarar ka ƙara kashewa, aljihunsa yake cikawa. A 1960, lokacin da shahararren mai tallar nan David Ogilvy ya karɓi aikin kamfanin mai na Shell, sai aka yi cinikin a kan ladan aiki maimakon wannan kamasho, abin da ya tayar da ƙura a tsakanin abokan sana'arsa. Mai ba ka shawarar nawa za ka kashe bai kamata ya kasance yana da rabo a cikin kashewar ba.

Hanya ta biyar ita ce a ba shi hannun jari a madadin kuɗi. Sababbin kamfanonin fasaha na Amurka, waɗanda ba su da kuɗi a hannu, su suka fi yin haka, kuma ko su ba sa miƙawa gaba ɗaya. Al'adarsu ita ce ma'aikaci ya mallaki rabonsa kaɗan-kaɗan cikin shekara 4, kuma ba ya samun komai sai ya cika shekara guda. A nan gida, wannan ba ta yiwuwa sai in kamfaninka mai hannun jari ne a rajistar hukumar CAC. In rajistar sunan kasuwanci kawai ka yi, babu jarin da za ka yanka masa. Ka kuma sani, albashi kana iya tsai da shi gobe, amma wanda ka ba hannun jari ya zama abokin tarayyarka, ko ya daina zuwa. Ga mai masana'anta irin taka, ban ba da wannan shawara ba.

To wacce za a ɗauka? A ganina, a haɗa su ne bi da bi. Fara da ƙaramar jinga ta mako 4 zuwa 6, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. In ka ga aikinsa ya gamshe ka, ku koma kuɗin wata na tsawon wata 6, da adadin yini a rubuce. A kan wannan sai a ɗora ɗan tukuici bisa ƙarin katan da aka sayar aka kuma karɓi kuɗinsu. Ta haka yana da abin da zai riƙe gidansa, ba zai yi gaggawar zubar maka da kaya ba, kuma yana da dalilin ƙoƙari. Wanda ya ce kamasho zalla yake so, wataƙila gwanin sayarwa ne, sai ka ɗauke shi a matsayin dillali, amma ba shugaban talla ba.

Kowacce ka zaɓa, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, kuma a sa waɗannan abubuwa a ciki. Na ɗaya, ladansa daban, kuɗin talla daban, kuma kuɗin talla su fita daga asusun kamfani kai tsaye zuwa gidan rediyo ko maɗaba'a, da rasit. Na biyu, a faɗi wanda zai biya kuɗin mota da masauki, da kuɗin tantance talla a hukumar ARCON, wadda ta gaji APCON a 2022. Na uku, a tambaye shi ko farashinsa ya haɗa da harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin 100 a 2020, kada ya zo maka da shi daga baya. Na huɗu, shafin kamfani na Facebook, da lambar WhatsApp, da sunayen abokan ciniki, duk mallakar kamfani ne, kuma mabuɗinsu yana hannunka. Na biyar, kada ya yi wa wani mai sabulu aiki muddin yana tare da kai, tunda shi na mutane da yawa ne. Na ƙarshe, kowane ɓangare na iya janyewa da sanarwar wata guda.

Ka tambayi wanne ya fi sauƙi. A kan takarda kamasho ne, amma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kafin ka zauna da kowannensu, ɗauko littafin cinikinka na wata 12 da suka wuce, ka san katan nawa ka sayar kowane wata da ribar da ke kan kowane katan. Wanda bai san wannan ba, duk hanyar da ya bi, ba zai gane ko an yi masa aiki ko ba a yi ba.

Da fatan mai tambaya da sauran masu irin wannan sana'a sun gamsu. Sai ku ci gaba da aiko mana da wasiƙunku. Mu kwana nan, sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.