Abin da ya kamata mai mota ya sani kafin sauya matatar hayaƙi

A garejin Apo da kasuwar kayan gyara ta Zuba da ke Abuja, makanikai na kiran ta "indomi", saboda cikinta mai ƙananan ramuka ya yi kama da taliyar. Wannan ita ce matatar hayaƙi, wadda ke maƙale a bututun salansa, tsakanin inji da bayan mota. Aikinta shi ne rage dafin hayaƙi, musamman iskar kabon monoksaid, kafin ya fita. Amurka ta fara yawaita amfani da ita tun daga motocin shekarar 1975, shi ya sa kusan duk tokumbo ke zuwa da ita.

An shafe cikinta da ƙarafa masu tsada, wato filatinam da faladiyam da rodiyam. Wannan ne ya sa masu sayen tsofaffin ƙarafa ke farautarta, kuma wasu makanikai kan ba da shawarar a fasa ta a zubar da cikin, wai mota za ta ƙara gudu. Motar da aka yi wa haka takan ƙara ƙara da wari, fitilar gargaɗin inji ta kama, sannan mutanen da ke maƙale a cunkoson Nyanya da Mararaba su shaƙi sauran. Hukumar NESREA tana da ƙa'idojin taƙaita hayaƙin ababen hawa tun 2011.

Matatar ba ta cika mutuwa haka kawai ba. Galibi fulogi ne ya lalace har ɗanyen fetur ya riƙa isa gare ta yana ƙona ta, ko inji na shan baƙin mai, ko kuma ta bugu da tudun hanya. Idan ba a gyara tushen matsalar ba, sabuwar ma haka za ta ƙare. Alamun toshewarta sun haɗa da kasalar mota a hawa, yawan shan mai da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Ko na'urar bincike ta nuna lambar P0420, a fara duba na'urar auna iskar oksijin da yoyon bututu, domin su ma kan jawo wannan lamba, kuma gyaransu ya fi araha.

Idan sauyawa ta zama dole, a nemi wadda ta dace da samfurin motar, a leƙa cikinta da tocila kafin a yi walda, don ana sayar da fanko. Tsohuwar kuma ta mai mota ce. Ya karɓe ta a hannu, ko a rage kuɗinta daga kuɗin aiki.