DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: YADDA AKE FARFAƊO DA TARHO MAI FAIFAI

Ma'aikatan gwamnati da suka daɗe a bakin aiki ba za su manta da baƙin tarhon nan mai nauyi na kan teburin ofis ba, wanda ake zura yatsa a ramin faifansa a juya, a saki, a jira ya komo. A Nijeriya wayar salula da ta shigo a 2001 ita ce ta yi masa ritaya. Amma a Ingila da Amurka har yanzu akwai gidajen da ke riƙe da shi, kuma masu shi sun gamu da wata matsala, watau tarhon lafiyarsa lau, sai dai layin zamani ba ya jin yarensa.

Asalin wannan yare kuwa yana komawa ne ga wani Ba'amurke mai sana'ar binne matattu, Almon Strowger, wanda a 1891 ya sami takardar mallakar wata na'ura mai haɗa waya ba tare da ma'aikaci ba. Ba da jimawa ba abokan aikinsa suka ƙara faifan. Idan aka juya faifai aka saki, yayin da yake komowa yakan yanke wutar layin ya mayar, kimanin sau 10 a sakan guda. Lamba 3 yanka uku ne, lamba 7 yanka bakwai, sifiri kuwa a yawancin ƙasashe yanka goma ne. Injin da ke cibiyar waya sai ya ƙirga, ya haɗa mai kira da wanda yake nema.

Ranar 18 ga Nuwamba 1963 kamfanin AT&T ya fara ba jama'a tarho mai maɓallai a garuruwan Carnegie da Greensburg na jihar Pennsylvania. Shi ba ya yanke wuta. Kowane maɓalli yana aika amo biyu a lokaci ɗaya, ɗaya ƙasa ɗaya sama. Alal misali, lamba 5 haɗin amo ne mai karkarwa sau 770 a sakan da wani mai 1336, sifiri kuma 941 da 1336. An zaɓi amo biyu ne don kada muryar mutum ta ruɗi injin.

Shekara da shekaru cibiyoyin waya suna karɓar yarukan biyu. Da aka fara mayar da kira kan intanet sai lamari ya sake, domin da yawa daga cikin akwatunan da kamfanoni ke sa wa a gidaje amo kaɗai suke ganewa. Haka nan injin banki ko na asibiti da ke cewa a danna 1 ko 2 ba ya jin faifai.

Maganin da masu gyara suka samo shi ne wata 'yar na'ura mai aikin tafinta. Takan ƙirga yankan da faifai ya yi, ta dakata kaɗan don ta tabbata ya gama, sa'an nan ta aika amon da ya dace. Iri biyu ce: akwai wadda ake maƙalawa tsakanin tarho da layi ba tare da an kwance ko kusa ɗaya ba, akwai kuma wadda ake ɓoyewa a cikin tarhon. Masu tara kayan tarihi sun fi son ta farko, don ba ta taɓa asalin kayan. Har ila yau akwai mai haɗa tsohon tarho da wayar salula ta hanyar Bluetooth, wadda ita ce ta dace da wurin da babu layin ƙasa.

Sai dai na'urar ba ta isa ita kaɗai ba. In datti ko busasshen mai ya rage wa faifai gudu, ƙirga kan kuskure, kira ya tafi gidan wani. Dole a wanke shi a daidaita. Ƙararrawar ma tana son wuta mai ƙarfi, kimanin bolt 75 zuwa 90, wadda ba kowane akwati ke iya bayarwa ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne batun ɗaukewar wuta. Tsohon layi daga baturan cibiya yake shan wutarsa, kimanin bolt 48, saboda haka ko gari ya yi duhu tarho na aiki. Akwatin intanet kuwa da wutar gida ya dogara. A 2024 kamfanin BT na Ingila ya ɗaga ranar rufe tsohon layinsa daga ƙarshen 2025 zuwa Janairun 2027, bayan an nuna damuwa kan tsofaffi da marasa lafiya masu dogara da shi wajen neman agaji. Don haka duk wanda ya koya wa tsohon tarhonsa sabon yare, wajibi ne ya tanadar masa batur, in ba haka ba ranar da ake bukatarsa ita ce ranar da zai yi shiru.