Soja Ya Dawo Gida: Darasi Daga Wani Fim Na Kaboyi

Iyayenmu da suka yi kallon silima a Gusau sun san fim ɗin kaboyi, mai dawakai da bindigogi da ƙura. A cikin irinsu akwai wanda ya wuce harbe-harbe, wato The Searchers. John Ford ne ya shirya shi a Amurka a shekarar 1956, John Wayne kuma ya fito a matsayin Ethan Edwards.

Ga yadda labarin yake. Ethan soja ne na ɓangaren Kudu a yaƙin basasar Amurka, wanda ya ƙare a 1865. Sai a 1868 ya koma gidan ɗan'uwansa Aaron a Texas. Ba a jima ba mayaƙan kabilar Komanci suka ƙone gidan, suka kashe mutanensa, suka tafi da ƙaramar yarinya mai suna Debbie. Ethan ya yi shekara biyar yana nemanta. Da ya ga ta zama matar shugabansu, sai ya yi niyyar kashe ta, don a ganinsa ta ƙazantu. A ƙarshe tausayi ya rinjaye shi, ya ɗauko ta ya kai ta gidan maƙwabta, aka karɓe ta da murna. Shi kuwa ya tsaya a bakin ƙofa, ya juya ya tafi, ƙofa ta rufe.

Me ya hana shi shiga? Jikinsa ya baro fagen fama, amma zuciyarsa tana can. Likitoci sun san wannan ciwo: mutum ya ga abin tashin hankali, daga baya ya riƙa mugun mafarki, yana saurin fushi, yana guje wa jama'a.

Wannan ba labarin Amurka kaɗai ba ne. A Yaƙin Duniya na Biyu, 'yan Arewa masu yawa sun yi yaƙi a Burma cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Wasu kuma sun shiga yaƙin basasar Nijeriya daga 1967 zuwa 1970. Kowace ranar 15 ga Janairu ana tunawa da 'yan mazan jiya da fareti da addu'a. Amma fareti na yini ɗaya ne, zaman gida kuwa na kullum ne.

Mu lura kuma, mutum biyu ne suka dawo cikin fim ɗin: soja da yarinyar da aka sace. Mu mutanen Bungudu da Tsafe mun san zafin satar mutane. A 2021 aka kwashe ɗalibai mata daga makarantar Jangebe ta nan Zamfara, bayan 'yan kwanaki aka sako su. Wadda ta dawo daga daji ba ta da laifi, ba kuwa abin nunawa da baki ba ce.

To, mene ne aikinmu? Mu saurare su in sun so magana, kada mu matsa musu da tambaya in sun yi shiru. Mu ja su cikin sujada da aikin gona da hira. Wanda ciwonsa ya yi nauyi, a kai shi asibiti. Cikin Luka sura 15, uba bai jira ɗansa ya ƙwanƙwasa ƙofa ba, da gudu ya je ya tarye shi. Allah ya ba mu irin wannan zuciya. Amin.